Aikina Shi Ne Kada In Taɓa Ƙwallo

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na tuɓe riga a gaban mahaifina, na zube bisa gwiwoyina ina nuna sama da yatsa, alhali duk faɗin filin nan ni kaɗai ne mai murna. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko bisa babur nake sai in ji kamar in sauka in nemi rami in shige.

Lokacin ina aji biyu a wata kwaleji da ke ɓangaren Faskari, kuma ni ke sa lamba tara a ƙungiyar ƙwallon makaranta. Ana kirana Guguwa (tsakani da Allah ni na raɗa wa kaina sunan, na yi ta nanata shi har ya bi ni). Wasana iri ɗaya ne: in ƙwallo ta shigo ƙafata, to ta shigo ke nan. In yanke wannan, in yanke wancan, in dawo in sake yanke na farkon don kada ya manta da ni. 'Yan kallo na ta ihu, mu kuma ana ta cin mu.

Da shugaban kwaleji ya gaji da shan kashi, sai ya ɗauko wa tsohon kociyanmu mataimaki, wani Malam Sanusi, wanda aikinsa kawai horar da 'yan gaba. Siririn mutum ne, ba ya ɗaga murya, ko usur ba ya ratayawa. Ya yi kwanaki yana kallon atisayenmu. Rannan sai ya yafito ni. Na taho ina taku ɗai-ɗai, na ɗauka kyaftin za a ba ni.

"Guguwa," in ji shi, "duk ƙungiyoyin yankin nan sun san ka. Da ka motsa, mutum biyu ke bin ka. To daga yau ka riƙa kwasarsu kana kai su can gefen fili, ka bar wa Lawwali tsakiya."

"To ƙwallon hwa, Malam?"

"Ba ruwanka da ita."

Lawwalin nan wani shiru-shiru ne ɗan Ruwan Godiya, wanda ban taɓa ganin ya yanke ko akuya ba. Na ce a raina tsarin nan ba zai kai ko'ina ba. Abin haushi, sai ya kai. Ni in zura a guje, 'yan bayansu su bi ni ɗuu, tsakiya ta buɗe, Lawwali ya tura ƙwallo raga kamar mai ajiye kwano. Muka fara cin wasa a jere. Ana ɗaga Lawwali sama, ni kuma ina komawa ɗaki da takalmin da bai san taɓin ƙwallo ba.

A gida, garinmu Pauwa, kuwa wani labari daban nake bayarwa. Baba manomi ne, kuma a wurinsa ƙwallo aikin wanda ya ƙoshi ne. So yake duk Asabar in dawo gida, ga masara ta isa girbi. Ni kuma Asabar ce ranar wasa. Don in tsira, sai na ce masa sabon kociya ya rantse in ba ni ƙungiya ta rushe, kuma ba a tashi wasa ban ci ƙwallo ba (na ma ce wani lokaci biyu, tunda ƙarya ba a sayenta). Baba ya saurare ni har na gama.

"To madalla. Zan taho in gani da idona. In haka abin yake, na bar maka Asabar ɗinka. In ko ba haka ba, ga laujenka nan rataye."

Na amsa da ƙarfin gwiwa, don na san yadda hanyarmu ta zama da 'yan fashi, ba mai bin ta don kallon ƙwallo. Ashe ban san mahaifina ba.

Ranar da za mu kara da wata kwaleji daga Ƙanƙara, wasan da sai mun ci za mu wuce zagaye na gaba, muna cikin ɗumama jiki na hango babur ɗin Kawu Iro, ƙanen Baba. A bayansa ga Baba cikin babbar rigarsa ta Juma'a, riƙe da tabarma. Suka shimfiɗa daidai bakin layi.

Aka hura usur, na kama aikina na gudun banza. In yi dama, ƙarti biyu su bi ni. In yi hagu, su bi ni. Lawwali ya ci ta farko, aka yi kansa da ihu. Na saci kallon Baba, na ga yana nuna ni da yatsa yana yi wa Kawu da mutanen kusa bayani. Na ce shi ke nan, tonon silili ake yi mini. A hutun rabin lokaci na raɓa kusa da Malam Sanusi.

"Malam, don girman Allah, Babana na nan. Ko sau ɗaya a ba ni."

"Na gan shi. Yi aikinka."

Da aka dawo 'yan Ƙanƙara suka rama, aka koma kunnen doki. Wasa ya zo gangara, alƙali na ta duba agogo. Sai tsarin Malam Sanusi ya yi kyan da bai taɓa yi ba. Na kwashe ƙartina har kusurwar fili. Kafin su farga an ba Lawwali, suka bar ni suka juya kansa a guje. Golansu ya fito, Lawwali ya ɗaga masa ita ta bisa kai. Ga ƙwallo tana tsalle a hankali za ta shiga raga, ba kowa a gabanta.

Ba kowa sai ni.

Ga wanda bai san ƙwallo ba: inda nake tsaye na wuce duk 'yan bayansu, wato na yi satar gida. In na kame hannu na bar ta ta shiga, ci ne. In na taɓa, an soke. Na san wannan dokar kamar sunana. Amma a lokacin ba doka nake gani ba, babbar rigar Juma'a nake gani. Na kwasa a guje, saura ƙiris ta haye layi na ɗaɗa ta da iyakar ƙarfina, har raga ta girgiza.

Na fizge riga, na nufi tabarmar Baba ina ihun "Guguwa! Guguwa!" (ni da kaina nake kiran sunan), na zube gabansa, yatsa sama. Sai da numfashina ya dawo na lura filin ya yi tsit. Na waiga. Mai tuta ya ɗaga ta tsaye ƙyam. Lawwali na zaune a ƙasa ya dafe kai. Kawu Iro ya sunkuyo, murya ƙasa-ƙasa:

"Kai, sa rigarka."

Jim kaɗan aka tashi wasa, aka fitar da mu. Malam Sanusi bai zage ni ba, da ma ya zaga da ya fi mini sauƙi. Kallona kawai ya yi ya ce, "Ka taɓa."

Na iske Baba yana naɗe tabarma, suna sauri kada rana ta faɗi musu a hanya. Na durƙusa, na kasa ɗaga ido.

"Ka san mi nike hwaɗa ma mutane ɗazu?" in ji shi. "Ce masu nike, ku dubi wancan da mutum biyu ke gadi, ɗana ne. Ni da ka gan ni, shekara da shekaru ina tahiya hwarauta, aikina kora. Ban taɓa jihwar zomo ba, kuma ba a taɓa rabon nama ba ni ba. Tun ana rabin wasa na ce ma Iro na bar maka Asabar." Ya hau babur ya gyara riga. "Amma wanda ya ƙwace ma ɗan'uwanai nama a baki, to shi kam gona ta hi dacewa da shi."

Wallahi da mari ya yi mini da na fi jin daɗi. Na yi ta ƙarya don in sami abin da ashe gaskiyata ta riga ta sama mini.

Asabar ta gaba a gonar masara ta same ni. Darasin da na ɗauka kuwa shi ne, in aka ba ka aikin da ba a tafa maka, riƙe shi da kyau, wataƙila wanda kake so ya gan ka tuni ya gan ka. Kawu Iro kuma har gobe, ko a ɗaurin aure muka haɗu ina cikin babbar riga, kafin mu gaisa sai ya ce, "Guguwa, sa rigarka."