Kyautar Anza a Walimar Kansila

Ko da zan manta sunan titin da na zauna a Katsina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai wa Alhaji Lawai kyauta ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko a sahun salla nake, sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Shekarar da sojoji suka tattara suka koma bariki ce, gari ya cika da fastoci da alkawura. Ni kuwa jami'armu ta turo ni daga Zariya in yi binciken digiri na biyu a kan wani dangin itatuwa da ba wanda ya damu da su: anza, da bagayi, da jiga, da ciciwa, da haujari. Aikina in gano iri nawa ne suka rage a kewayen Katsina, kuma a wace irin ƙasa kowanne yake fitowa. Kullum da safe in hau tsohon babur ɗina in nausa daji, in karyo reshe, in dawo in shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, in danne da katako har ya bushe. (Babu ɗan takarar da hotonsa na jarida bai sha danna a ɗakina ba. Wani ma ganyen bagayi ya bar masa tabo a goshi.)

An ba ni ɗaki a bayan wani gida a GRA. Mai gidan an yi masa canjin wurin aiki, ya kulle ya tafi da iyalinsa. Unguwa ce da in ka yi sallama sai katanga ta amsa maka. Wallahi akwai ranakun da in ka cire "amin" a masallaci, babu kalmar da take fita daga bakina. Har na kai ina yi wa ganye faɗa: "Ke jiga, yau ma kin ƙi bushewa ko?" Kaɗaici ya ci ni, ba zan ɓoye muku ba.

Neman jaridu ne ya kai ni cikin gari. A ƙofar wani gida kusa da hasumiyar Gobarau na ga majalisa, dattawa sun baje tabarma bayan la'asar, jaridu tuli a gefe. Na yi sallama, aka yi doguwar gaisuwa, na faɗi buƙatata. Mai gidan, Alhaji Lawai, ɗan kasuwar hatsi ne, mutum mai jiki da fara'a. Ya dube ni ya ce, "Tau, Malam, mi za ka yi da su? Halan ƙosai kake saidawa?" Aka yi dariya, ni ma na yi, har na fi kowa. Na yi masa bayani, ya ce, "Ikon Allah, yanzu har anza boko ya kai gare ta? Zauna mana."

Na zauna kuwa, kuma daga ranar na zama ɗan gefen tabarma. Hirarsu duk ta siyasa ce, domin Alhaji bai daɗe da cin zaɓen kansila ba. Ni ban san kan zancen ba, ban ma yi ƙoƙarin sani ba. In sun yi dariya in yi, in sun ce "Allah wadai" in girgiza kai. Ni dai in ji muryar mutane kusa da ni, a miƙo mini shayi, ya ishe ni. Ranar da Alhaji ya ce, "Ran Asabar akwai walima, kai ma ka zo, ai ka zama namu," sai da na tsaya a hanya na share ƙwalla. Ƙato da ni, a kan babur.

Daga nan na shiga tunanin kyauta. Na ji ana cewa wane zai kawo rago, wane shadda, wane turare. Na ce a raina ni ɗan boko ne, tawa sai ta fita daban, ta zama mai ma'ana. Na tuna Alhaji ya taɓa cewa asalinsu daga wani ƙauye ne ta wajen iyakar Nijar, kuma na san ƙauyen, domin a can na tarar da anza mafi kyau a duk yawona, koriya shar a kan fako, alhali komai ya bushe. Na koma musamman na zaɓo reshe mai 'ya'ya, na busar da shi da kulawa, na kai wa kafinta ya yi masa firam da gilashi. Na naɗe shi a takarda mai ƙyalli. Ina kallonsa ina cewa, kai, wannan ko gidan gwamna.

Ranar walima an kafa rumfa, an cika layi da kujeru, ga sanƙira da lasifika yana shelar duk wanda ya kawo wani abu. Aka zo kaina. Da na miƙa na koma na zauna, da an wuce wurin lafiya. Amma ina! Mutumin da ya yi watanni bai samu mai sauraronsa ba ya ga lasifika. Na ce a ba ni in yi ɗan bayani.

Na yage takardar, na ɗaga firam sama yadda na baya za su gani. Na ce, "Jama'a, wannan anza ce. Daga ƙauyen su Alhaji na samo ta, kuma a duk bincikena babu inda ta kai can yawa. Ita ce ta riƙe mutanen wurin a shekarun yunwa, suna jiƙa 'ya'yanta kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, sannan su dafa su ci. Na kawo ta ne don Alhaji ya rataya a falo, kullum ya riƙa tuna inda ya fito."

Wuri ya yi tsit. Ni a zatona kalamaina ne suka ratsa su. (Har ɗan rusunawa na yi.) Can sai wani mai babbar riga a sahun gaba ya fashe da dariya, ya miƙe yana tafa hannu yana cewa, "Aradu Malam ya faɗi gaskiya! A ƙara mashi lokaci!" Mutanen da ke bayansa suka ɗauka, har da masu buga ƙafa. Na juya in ga Alhaji. Fara'ar nan duk ta tafi. Bai ɗaga murya ba, ya dube ni kawai ya ce, "Malam, wa ya aiko ka?"

Na ce, "Babu kowa, Alhaji." Kuma gaskiya na faɗa. Duk faɗin Katsina ba ni da wanda zai aike ni ko sayen goro.

Malam Sada tela, wanda muke zama kusa da juna a majalisa, shi ya kama hannuna ya ja ni bayan rumfa. Ya ce, "Kai wai lahiya kake? Duk zaman da kake yi da mu ba ka jin abin da ake cewa?" Ashe lokacin yaƙin neman zaɓe, 'yan hamayya babu sunan da suke kiran Alhaji da shi sai "jikan maci anza", wai baƙauye ne da yunwa ta koro kakanninsa birni, bai isa ya wakilci 'yan cikin ganuwa ba. Har reshen anza aka riƙa jefa masa a ƙofar gida. Mai babbar rigar nan kuwa shi ne wanda ya sha kaye, ya zo taya murna ne don kada a ce. Ni kuma na ɗauko zagin, na sa masa gilashi, na kawo da jawabi. Na sulale, ko takalmina da na cire a bakin rumfa ban tsaya nema da kyau ba, sai a gida na ga ƙafa ɗaya ba tawa ba ce.

Na koma na ba da haƙuri, har da rantsuwa. Alhaji ya ce, "Ba komi, Malam, ya wuce." Amma duk sanda na zauna sai hira ta mutu, kowa ya kama jan carbi. Shayi ma sai ya ƙare kafin ya iso gefena. Da kaina na daina zuwa.

Abin da ya fi ba ni kunya ban ma faɗa muku ba tukuna. Bayan 'yan kwanaki sai ga saƙo daga majalisar mai babbar riga, wai suna gayyatar "gwarzonsu". Kun san me? Na je. Na san bai dace ba, amma shirun ɗakin nan ya fi ƙarfina. Aka ba ni kujera, aka kawo tsire, aka ce in maimaita jawabin. Na maimaita, suka kwashe da dariya. Wani ya shigo, aka ce in sake. Da na fara yi musu bayanin bagayi da ciciwa, sai kowa ya tuna yana da uzuri. Babu wanda ya tambayi sunana. Na hau babur na koma GRA, kuma har na gama binciken na bar garin ban sake zama a majalisar kowa ba.

Digiri dai na samu, kuma in ka tambaye ni inda anza take fitowa a ƙasar Katsina, zan zana maka ido rufe. Amma tun daga ranar, in aka ba ni wuri a tabarma, kunne nake fara kasawa. In kuwa aka gayyace ni walima, turare nake saye kamar kowa, in miƙa, in yi nesa da lasifika.