Takardun da Suka Tsallaka Titi

"…ya rana kuma, Ango? Har yanzu kana nan kana gadin tsatsa?"

"Lafiya lau, Uwargida. Tsatsar nan ita ta yi wa ubanki kuɗin makaranta, sai ki durƙusa ki gaishe ta."

Ni tela ne, katako ɗaya ne ya raba shagona da na Mai Ƙusa, don haka ko ban so ba sai na ji, balle ma ina so. Shekara arba'in da 'yan kai tsohon yana sayar da ƙusa, fenti, kwaɗo da kayan famfo a wannan ɗan aƙurkin. Shekara uku da suka wuce aka buɗe wani ƙaton kantin kayan gyaran gida a tsallaken titi, gilashi daga sama har ƙasa, tun daga nan ƙafa ta ɗauke masa. Wadda ta shigo jikarsa ce, malamar makaranta mai 'ya'ya biyu. Tun tana rarrafe yake ce mata Uwargida, ita kuma ta tashi tana ce masa Ango, kuma ban taɓa ganin sun haɗu sun rabu salin-alin ba.

"Me kike ɓoyewa a bayanki cikin leda?"

"Ba ɓoyo nake ba. Hannuna ne ya gaji da zaman gaba."

"Miƙo."

"Kan famfon kicin ne. Ɗiga yake kamar hancin mai mura."

Tsoho ya karɓa, ya juya shi, ya gyara zaman tabarau.

"Wannan tambarin da aka manna a gindinsa fa, na wa ne?"

"Kyauta aka ba ni."

"Wa ya ba ki?"

"Wata ƙawata."

"Ƙawar taki sunanta Tsallaken Titi? Ashe zance kike zuwa wurin saurayi mai gilashi, ni ina nan ina jiran ki da haƙorana uku!"

"Biyu dai. Na ukun girgiza yake, ba a sa shi a lissafi."

"To me ya hana ki mayar wa saurayin naki ya gyara?"

"Na je. Wani mai gashin baki ya duba cikin na'ura, ya ce sai dai in sayi sabo gaba ɗaya."

"Sabo gaba ɗaya! Roba ce ta cinye, 'yar roba kamar zobe. Ni da ido rufe nake gane ciwon famfo. Ta waya ma, in aka kara mini na ji ɗigarsa, sai in gaya miki shekarunsa da sunan wanda ya ɗaura shi."

"Ango, ka ji tsoron Allah. Kai da ko sallama sai an yi maka sau uku."

"Sallamar wanda ba ya sayen komai ce ba na ji."

Ta yi dariya, ta ja kujerar ƙarfen nan mai ƙafa ɗaya gajeriya ta zauna. Sai a lokacin ta ɗaga kai ta dubi kantoci. Inda gwangwanayen fenti suke a da, babu komai sai zagayen shatinsu a kan katako.

"Ina kaya? Ɓarayi sun shigo sun ji tausayinka sun bar rabi?"

Ya sunkuya ƙarƙashin teburi ya jawo wani tsohon gwangwanin fenti, ya zazzage shi a gabanta. 'Yan guntayen takardar buhun siminti ne, sun fi ɗari biyu, kowacce da rubutun fensir. Duk unguwar nan mun san su. In ka je wa Mai Ƙusa da matsala, sai ya zaro fensir daga bayan kunne, ya yagi takarda ya rubuta maka abin da kake bukata, da awonsa da adadinsa, ko sisi ba ya karɓa.

"Manajan saurayinki ne ya kawo mini su," in ji shi. "Ya ce kullum mutane na zuwa da su a hannu, su miƙa a ɗauko musu kaya. Yaran kantin har tara su suke a bayan kanta, suna koyon aiki da su. Sai da ya bi sawu ya gano mai rubutun."

"To ai yabo ne."

"Yabo ne mana. Duba waɗannan."

Ya ware wasu gefe guda. A saman kowacce an rubuta *Uwargida*, har da ja masa layi.

"Goma sha ɗaya. Sakata biyu, bututu rabin inci, fenti ruwan madara galan huɗu, hannun ƙofar banɗaki. Gidanki kaf ni na tsara shi, wani ya ci kuɗin."

"Ƙila iska ce ta kwashe su daga jakata."

"Iska mai hankali, har ta san ta tsaya mota ta wuce kafin ta tsallaka."

"To tsakani da Allah, Ango, sun fi ka sauƙi. Galan ɗin da kake sayarwa, can da ragi mai yawa. Su kawo har ƙofar gida. In bai yi ba a mayar su karɓa. Kai kuwa in aka dawo maka da kaya sai ka tambayi mutum asalinsa."

"Su tirela suke saukewa daga kamfani, ni kwali ɗaya nake ɗaukowa a bayan babur. Farashin da suke sayarwa, ni ko sarowa ban yi a haka ba. Ban ce kin yi wauta ba. Na dai ce kin yi sau goma sha ɗaya."

Ta ɗauki takarda ɗaya tana jujjuyawa. Ni kuwa na tsayar da keken ɗinkina, don ina leƙe ta ƙofa na hango wata takarda mai cewa *wayar wuta yadi shida, Tela*. Kunya ta kama ni har cikin ciki. Na tuna ranar: na yi masa godiya, na zagaya ta bayan layi don kada ya gan ni ina tsallakawa, duk don rarar da ba ta kai kuɗin zare biyu ba.

"Su ma fa ba barci suke ba," in ji tsoho. "Masu sayarwa ta waya sun sa su gaba. Manajan ya ce abu ɗaya ne waya ba za ta iya ba, ta karɓi ruɓaɓɓen famfo a hannu ta juya shi. Shi ya sa yake so na."

"Yake son ka? Kamar yaya?"

Ya buɗe aljihun teburi ya fito da wata koriyar falmaran, sabuwa fil. Ya juya bayanta. An rubuta da manyan baƙaƙe: TAMBAYE NI.

"Ran Litinin zan fara aiki a kantin nasu. Ran Asabar zan miƙa wa mai shago makullinsa."

"Wallahi ba ka isa ba!" Ta miƙe har kujerar ta kife. "Kai, da shekarunka, ka tsaya tsakanin kantoci kamar ɗan sandan hanya? Zan saye duk abin da ya rage. Zan turo malaman makarantarmu kaf."

"Ki saye ki kai ina? Ki dafa wa yara ƙusa?" Ya ɗaga kujerar ya gyara mata. "Zauna. Ba ke kaɗai ba ce. Kin tuna lokacin da suka fara gini, kika zo kika ce in bari ki ɗauki hoton kayana ki sa a waya, a riƙa kai wa mutane gida? Me na ce miki?"

"Ka ce waya ta gaisuwa ce."

"To ga shi, gaisuwar kawai ta rage mini. Da na ji maganarki, ƙila da yanzu ba mu nan. Kullum sai na tuna."

Ya ɗauko wata kwalba cike da baƙaƙen robobi, ya zaɓi ɗaya ba tare da ya auna ba, ya warware kan famfon ya sa ta, ya ɗaure. Ko minti biyu bai yi ba.

"Nawa ne?" ta ce.

"Sadakinki ya fi haka? Riƙe kuɗinki."

"Ka ci, Ango. Yau kam ka ci. Ba ni da ta cewa."

"Tela!" ya ƙwala mini kira. "Ka shaida, shekara talatin da ɗaya, yau ta sallama!"

Ya ƙyalƙyale da dariya har haƙorin nan na uku yana rawa. Sannan ya zaro wata robar ya zura mata a ɗan yatsa, ya rufe kwalbar ya tura ta gabanta gaba ɗaya.

"Tafi da su duka, Uwargida. Daga ran Litinin, ko guda ɗaya ba ni da ikon ba ki kyauta."