Markub ɗin Fatar Mesa da Man Riɗi

Sati uku na yi ina zarya shagon Usta Haruna mai ɗinkin takalma a kasuwar Gadarif, saboda takalmin markub da zan sa ranar ɗaurin auren 'yata. Fatar kada na ce ta yi tauri. Ta damisa sai da na tambayi malamai biyu hukuncinta, amsarsu ta bambanta, na haƙura. Ta jimina kuwa ƙurajenta suka tayar mini da hankali. Na zaɓi ta mesa.

Da zan karɓa Usta ya ce, "Ya Hajj, don Allah kada ka shafa masa komai."

Na ce to, amma tsoro nake fatar ta bushe ta tsage a gaban surukai. Kwana uku ina shafa mata man riɗi ciki da waje, har ina yi wa maƙwabcina Isa bayani kamar tsohon majemi.

Ranar, na ajiye takalmin a inuwa bakin masallaci. Aka shafa fatiha, na fito ina gaisawa da wan ango, na zura ƙafa ban duba ba. Ashe man riɗin ya jawo cinnaku, sun cika shi maƙil. Na daka tsalle, na yi juyi, rawanina ya warware, takalmi ɗaya ya tashi ya faɗa tiren shayi.

Wan ango ya ce, "Ma sha Allah, uban amarya ya riga makaɗa!"

Yanzu jikana ya shekara huɗu. Har yau duk bikin da za a yi a unguwa, sai Isa ya leƙo ya ce, "Ya Hajj, kai za ka buɗe mana fili ko mu nemi wani?"