Ruwan Karaz a Ƙirjin Baba

Ba zan taɓa mantawa ba da azahar ɗin da na tara wa Babana 'yan makoki alhali barci kawai yake yi. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi, sannan dariya ta biyo baya.

Babana mai tsire ne a unguwar Mansur, nan Makka, tun kafin a haife ni. Bayan Hajjin bana babban ɗan yatsan ƙafarsa ya kumbura ya yi jawur, ko gefen zani ya taɓa shi sai ya yi ƙara. Likita ya ce nigris ne, ciwon gaɓoɓin nan da nama ke tayarwa. Ya ba shi ƙwayoyi, ya hana shi jan nama da hanta da ƙoda (wato an ce wa kifi ya bar ruwa). Ya ƙara da cewa in muna so mu haɗa masa da ruwan karaz, wani ɗan itace ja, mai tsami marar sukari, wasu yana yi musu amfani, amma kada ya bar shan magani.

Ni na ɗauki wannan aikin, tunda ni ce na gama sakandare a gidan, ina ta jin kaina likita. Kullum bayan azahar in cika masa babban kofi. Abin ja ne har ya yi duhu, ga tsami mai kashe haƙora. In ya kurɓa sai ya yamutsa fuska ya ce, "Uwata, wannan magani ne ko horo?" (Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa.)

Ranar Umma ta tafi barka unguwar Hindawiyya, daga ni sai shi. Na miƙa masa kofinsa na shiga wanki. Da na leƙo ɗakin, sai na gan shi kwance rigingine, baki buɗe, farar rigarsa ta jiƙe jajawur daga ƙirji har ciki, ga wuƙa kusa da hannunsa.

Jama'a, ban tuna da kofi ba. Ni da na zuba da hannuna! Na fita titi ba abaya, takalmi ƙafa ɗaya, ina ihu, "Wayyo Allah, an yanka Baba!" Ina ihun ina kiran motar asibiti a waya, Larabcina duk ya cakuɗe da Hausa.

To, a layinmu ba kowa ke da iƙama ba, takardar zaman ƙasa, don haka jiniya kowace iri ce ba abin wasa ba ce. Motar na kunno kai, tela ya bar kekensa ya haura katanga, mai fura ta bar ƙwaryarta a bakin hanya. Waɗanda suka rage suka cika mana gida. Inna Rabi maƙwabciyarmu har ta fara, "Allah ya jiƙan Malam Sani, bai taɓa hana ni yaji ba."

Ma'aikacin asibitin ya durƙusa, ya taɓa wuyan Baba, ya dangwali jan ya kai hanci. Sai Baba ya buɗe ido, ya ga mutane a kansa.

"Lafiya? Wa ya rasu?"

Inna Rabi ta ce, "Kai ne, Malam."

Mutumin ya zaro kofin daga ƙarƙashin hammatar Baba, ya ɗaga shi kowa ya gani, ya dube ni ya ce da Larabci, "'Yata, wannan abin sha ne." Da ƙasa za ta tsage da na shige, in ja ta in rufe.

Saura wuƙar. Mutumin ya ɗaga matashi don gyara wa Baba kwanciya, sai ga ƙunshin gasasshiyar hanta, an yanka rabi. Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Ɗanɗanawa nake, in ji ko yaji ya kama. Sana'a ce."

"Rabin hanta kake ɗanɗanawa?" in ji Inna Rabi.

Baba bai kula ni ba sai bayan la'asar, da ya ga na rakuɓe a gefen tabarma. Ya dafa kaina ya ce, "Uwata, rana ɗaya kin kashe ni, kin kuma tone ni. Amma na ga masu zuwa jana'izata, ba laifi."

Tun ranar duk layin ya sa masa ido, ko tsoka ɗaya ya kai baki sai labari ya riga shi zuwa gida. Ƙafar ta saɓe, har ya yi ɗawafi da kansa ba keken guragu. Ko ƙwayoyin ne, ko karaz ɗin, ko rashin hantar, Allah ne masani. Tela kuwa har yau ba ya amsa gaisuwata, ya ce ya gurɗe a kan katanga.

Abin da na koya: in kin ga ja, ki fara sunsunawa kafin ki sanar da Makka gaba ɗaya. Kuma mai gyangyaɗi, ki tsaya a kansa har ya shanye.