Injin Uban Sifana

Allah Ya yi wa Haɗeja baiwa iri-iri, ga kifi, ga shinkafar fadama, amma babu wadda ta kai dawowar Tukur daga yaƙin Boma. Ya tafi yana Tukur kawai, ya dawo Injiniya. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma wa ya fi shi sanin kansa? Ya zo da tabarau mai maɗauri irin na matuƙa jirgin sama, da sifana ɗaya tal a rataye a wuya kamar laya. Gari ya raɗa masa Uban Sifana. Ya karɓi sunan hannu bibbiyu, don bai taɓa kawowa a ransa cewa ana iya yi masa dariya ba.

Kullum yana bakin kasuwa yana ilmantar da jahilai kyauta. "Ku ba ku san inji ba," in ji shi. "A Boma in mota ta ƙi tashi, sai ka ji Manjo yana ihu, a nemo Tukur! Kunne kawai nake kara mata, ta gaya mini ciwonta."

Mutum ɗaya ne ba ya tsayawa ɗaukar karatu, wato Gambo mai jakai, wanda shi ma ya je Boma, bai kuma dawo da labari ko ɗaya ba. Da Tukur ya hango shi sai ya tsallaka ɗaya gefen hanya, wai warin jaki yana ɓata wa injiniya hanci. Su kuwa jakan ba su san an ƙi su ba, sukan karkata su bi shi suna shinshinar rigarsa.

Wanda wannan ilmi ya faɗa wa a ka shi ne Kolo, mijin ƙanwarsa Saude. Kolo bawan Allah ne mai sanyin hali. Wahalar shekarunsa ta fataucin bandar kifi ya tattara ya sayi tsohuwar kitika a hannun wani Bature da zai koma gida. Motar tana tari, tana nishi, amma duk Alhamis takan kai kaya tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori ta dawo. Da ita gidansa ke ci. A wannan shekara kuwa ruwa ya ja baya da albarka, masuntan Kirikasamma suka danƙa masa bandarsu amana, ya kai wa jirgin Alhamis ta makon gaba. In ya rasa jirgin, kafin wani mako ƙwari sun mai da kifin gari, kuma ba mai sake ba shi ko ƙaya.

Uban Sifana ya zagaya motar sau biyu yana girgiza kai don tausayi. "Wannan ai kunkuru ka saya. Ba ni ita kwana goma in fito maka da gudun da Turawa suka ɓoye a cikinta. Sawu uku za ka yi kafin jirgi ya iso. Kuma ba sai ka je Kano sayen komai ba. Jahili ke sayen kayan inji, injiniya da abin da ke gida yake aiki."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta shiga kunnen Kolo ta zauna. Saude ta ja shi gefe ta ce, "Maigida, ka tuna fa kwaɗon ƙofarmu da Yaya ya gyara, da gatari aka buɗe ɗakin." Kolo ya tuna sarai. To amma da wane ido zai dubi yayan matarsa ya ce a'a?

Aka fara aiki a ƙofar gida, inda 'yan kallo za su samu wuri. Salansa mai rage ƙarar inji ita ta fara tafiya, don tana shaƙe wa mota murya. Matatar iska ta bi ta, don mota ba jaririya ba ce. Ya faɗaɗa hanyar fetur da basilla, ya goge kan inji a dutsen wasa wuƙa, ya sa baduku ya yanko masa fanbel, wato bel ɗin fanka, na fatar bijimi. Baƙin mai ya tsiyaye shi a ƙasa, ya ɗura man gyaɗar Saude. Da ya harhaɗa, sai ga kusoshi cike da ƙwarya sun yi saura. Kolo ya nuna masa su.

"Waɗannan nauyi ne kawai," in ji Injiniya. "Ba wa Saude ta ajiye."

A rana ta tara ya kai ƙololuwar hikima. Ya ciro lagireto, wannan tukunyar ƙarfe mai sanyaya ruwan inji, ya jefar, ya aika aka sayo randa sabuwa fil.

"Jama'a, ina tambaya," ya ce, ya dafa ta. "A cikinku wa ya taɓa shan ruwan randa ya ji zafi? Ko a tsakiyar bazara? To Bature ba shi da randa, shi ya sa yake wahala da ƙarfe."

Kowa a wurin daga randa yake sha, don haka aka rasa mai musu. Injiniya ya huda ta wuri biyu, ya zura robobi, ya liƙe da ƙaro, ya ɗaure ta a gaban mota da igiyar kaba.

Ranar Alhamis da hantsi aka loda kwandunan kifi. Inji ya tashi da wata ƙara da ta kori kaji daga unguwa uku. A faɗi gaskiya, motar ta yi gudu. Injiniya yana tuƙi, Kolo yana gefensa, hularsa a hannu, har zuciyarsa ta fara neman gafarar zargin da ya yi wa surukinsa. Ƙanshin ƙosai ya cika hanya. Sun bar gari da kaɗan randa ta fara tafasa, a ramin farko ta dare gida biyu. Tururi ya rufe su, wani abu ya ce ƙwas a cikin inji, wani guntun ƙarfe ya fasa gefensa ya fito. Kitika ta gangara gindin wata tsamiya ta tsaya, tsayawar da ba ta sake tashi ba.

Kolo ya sauko ya zauna a ƙasa ya yi kuka, kuka na gaske, don motarsa da kuma amanar mutane. Uban Sifana ya ɗauki tsingaro ya duba da idon masana. "Na gano matsalar," ya ce. "Randar ba ta gasu ba."

Ana haka sai ga Gambo da jakansa goma sha biyu, ba kaya. Kolo ya roƙe shi don Allah, ya amince. Amma ɗora kwandon kifi a kan jaki ba wasa ba ne. Gambo shi kaɗai ne gwani, 'yan kallon da suka biyo ƙura suka sa hannu suna ta ɓarna. A ɗaura nan, can ya zame. Wata jaka ta yi harbi ta watsar da nata. Rana tana ta ɗagawa.

Injiniya yana tsaye, hannu a baya, leɓensa yana motsi. Ya daure, ya daure, har abin ya fi ƙarfinsa.

"Kai! Wa ya koya muku ɗaurin kaya? Za ku kashe dabba!"

Ya fizge tabarau ya yar. Ya gyara akumari, ya daidaita kwando biyu, ya ja igiya ya ƙulla cikin ƙiftawar ido. Jaka mai harbi ya kama kunnenta ya yi mata wata 'yar ƙara da harshe, ta tsaya cak. Kafin a ankara an gama lodi, ya karɓi sanda ya shige gaba, jakai suka bi shi a jere kamar an zare su da zare. Jirgi yana shan ruwa suka shiga tasha, kifi ya hau bai rasa ko kwando ɗaya ba.

Nan a gaban 'yan dako da fatake Gambo ya kama hannunsa, ya yi maganar da ya riƙe tun dawowarsu.

"Sannu, Tukur. Shekara biyu muna jan alfadarai tare a dajin Boma, ban ga wanda ya kama ƙafarka ba. Ashe hannun bai manta ba."

Uban Sifana ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki zai yi jawabi. Sai jakar nan mai harbi ta matso daga baya, ta ɗora kanta a kafaɗarsa ta lumshe ido.