Ƙwaryar da Aka Kai Ɗinki

Shekarar da kaska ta kashe rabin jakunan Dajin Rimi, Sarki Zaki ya tsayar da Kare a ƙofar gari, duk kayan da za su shiga sai ya shinshina. Aka ba Malam Bushiya aikin lura, da ƙwarya biyu. In Kare ya duba kaya, a jefa tsakuwa a ta farko. In ya kama kaska, a jefa a ta biyu. Ka dai san mu masu lura: ba mu duba, ba mu kamawa, amma mun fi mai aikin kumbura.

Sai layi ya yi tsawo. Waziri Kure ya miƙe a fada.

"Ranka ya daɗe, tsaro muke so, amma mai sauri! Kayan manya ai ba sa ɗaukar kaska. A keɓe su."

Aka keɓe. Daga manya sai surukan manya, sai maƙwabtan surukai. Layi ya ɓace, Kare ya samu inuwa ya miƙe ƙafa.

Ranar rahoto Malam Bushiya ya kife ƙwarya ta biyu gaban Sarki. Ko tsakuwa ɗaya.

"Kwana arba'in babu kaska!" in ji Kure. "Mun cika alkawari!"

Ƙwarya ta farko kuwa tana hammatar Bushiya, ita ma kusan wayam, kuma ya san ma'anarta sarai: ba a kama ba don ba a duba ba. Ya tuna iyalinsa a bakin ƙofar suke zaune. Ya buɗe baki ke nan aka fito da rawani, wai daga yau shi ne Sarkin Lura. Kaico! Bakin da ya buɗe, godiya ya yi da shi.

Tsohuwar Jaka ta ɗaga murya daga baya: "Sarkin Lura, ɗaya ƙwaryar fa?"

"An kai ta ɗinki, Inna."

Mako uku bayan nan ya tarar da autarsa kwance, kaska jere a bayan kunnenta. Ya kwashi ƙwaryar farko a guje sai fada. Ya iske Sarki na susar wuya da ƙafar baya, fadawa duk sun sunkuyar da kai.

"Madalla da Sarkin Lura," in ji Kure. "Da bakinka ka ce babu kaska. Ko ƙarya ka yi wa Sarki?"

Bushiya ya dubi ƙwarya, ya taɓa rawaninsa. Sai ya yi abin da kakanninsa suka fi iyawa: ya dunƙule.

Zaki ya ci gaba da susa.