Sunan da Ya Hana Ni Irin Gyaɗa

Jama'a, ranar Talata na sa rigata ta zuwa biki, na taka keke tun daga Zango har Daura don in karɓo irin gyaɗa. Na dawo buhuna fayau, ba ko ƙwaya, sai labari. To, ga shi ku ma ku ɗanɗana.

Ba zan faɗi sunan ofishin ba, ina da iyali. Mu ce masa Ofishin Lallashin Gyaɗa. An kafa shi ne lokacin da kuɗin man fetur suka fara kwararowa, aka cika shi da fankoki da kujeru masu juyawa. Tun daga lokacin kuma gyaɗa ta yi fushi da mu.

Ina shiga na durƙusa gaban masinja, na ce, "Ranka ya daɗe." Sai ya zabura.

"Tashi, tashi! So kake a kore ni? Ce mini Audi kawai."

Ashe an yi sabon shugaba, Maigirma Manaja Ya'u, Allah ya ƙara wa ofishinsa sanyi. An tura shi ɗan gajeren kwas ƙasar Turawa, ya dawo da ilimi har yana zuba. Ya gano cewa abin da ya kashe gyaɗa ba fari ba ne, ba kuma ƙwari ba. Wai tsofaffin ma'aikata ne da yaran da suka fito makaranta ba sa sakin jiki da juna. Maganin kuwa, a daina durƙuso, a daina ranka ya daɗe, kowa ya kira kowa da sunansa na yanka, gatsal. Wanda ya kasa, ba ɗan zamani ba ne, sai ya kwashe kayansa. Ni dai na jinjina wa wannan basira, don mu da ba mu je kwas ba ruwan sama muke ta zargi.

Na zagaya sito, na tarar da tsohon abokina Malam Mainasara, mai kula da wurin, zaune a bakin ƙofa da makulli a hannu.

Na ce, "Malam, hadari fa ya fara haɗuwa. Buɗe ka auna mini in tafi."

Ya ce, "Ina fa zan buɗe? Sabuwar doka ta ce sai na ƙwala wa jami'in rabon iri kira da sunansa, ya zo ya tsaya a kaina."

"To, kira shi mana."

"Kai ma ka san ko wane ne. Kada ka ja ni."

Sai na tuna. Jami'in rabon iri Kalilu ne, ɗan farin Malam Mainasara, wanda ya gama makaranta aka ɗora shi sama da ubansa. Malam bai damu da wannan ba, alfahari ma yake yi. Amma tun ranar da aka raɗa wa yaron suna, sunan bai taɓa fita daga bakinsa ba. Kunyar ɗan fari ke nan, haka muka tarar. "Yaron nan" yake ce masa.

Na ce, "Faɗa a hankali, ba mai ji."

Ya ce, "Na gwada a bayan rumbu, ni kaɗai. Ina kaiwa 'Ka', harshe ya naɗe. Matata Haulatu kuma ta jiyo ni daga madafa, ta ce in na ƙarasa, gidansu za ta tafi."

Na so in yi dariya, amma da na dubi fuskarsa sai tausayi ya kama ni. Mutumin nan ya tsufa a bakin siton nan, saura kaɗan ya yi ritaya da mutuncinsa. Ran nan ne kuma wa'adinsa ke cika, don Babban Yallaɓai na tafe daga hedikwata ya ga sabon tsari. Ko ya faɗi sunan, ko a kore shi a gaban ɗansa.

Ba a jima ba sai ga motoci. Aka jera ma'aikata a fili, mu manoma muna leƙe ta bayan katanga. Manaja ya yi jawabi mai tsawo kan yadda ya haɗa kan tsoho da yaro, sannan ya nuna sito.

"Mainasara! Kira jami'inka."

Malam ya buɗe baki. "Ka... Ka... Kai, yaron nan!"

Aka nemi Kalilu aka rasa. Kunya ta sa ya ɓuya a bayan sito.

Babban Yallaɓai ya tambayi abin da ke faruwa, aka yi masa bayani. Ya washe baki, ya ce, "Kai, tsari ya yi kyau! To, Manaja, nuna musu misali. Kira ni da sunana."

A nan ne fa muka ga ikon Allah. Kowa a garin ya san Babban Yallaɓai surukin Manaja ne, 'yarsa yake aure, ko da yake na tabbata cancanta ce zalla ta ba shi kujerar. Manaja ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Gwiwoyinsa, waɗanda ba su je kwas ba, suka yanke hukunci da kansu. Sai ga shi a durƙushe, wandon kwat ya sha ƙasa, yana cewa, "Ranka ya daɗe, Baba, Allah ya huci zuciyarka."

Kuna tsammanin an soke dokar? Ashe ba ku san manya ba. Babban Yallaɓai ya ce tsarin ba shi da aibi, ma'aikata ne suka yi kaɗan. Nan take ya ƙirƙiro muƙamin Babban Jami'in Kiran Sunaye, da ofis da fanka da babur. Ya tambayi wanda ya fi kowa daɗewa a aiki. Aka ce Mainasara. Ya ce an ba shi. Kullum da safe shi zai kira sunan kowane ma'aikaci, ɗaya bayan ɗaya.

Na ga Malam ya dafa bango. Abin da ya gagare shi sau ɗaya, yanzu ya zama na kullum.

Washegari na koma, don na ƙi fid da rai. Na tarar yana kira, ana amsawa. Da ya iso kan sunan, sai ya sunkuyar da kai, ya yi ɗan tari. Daga can baya Kalilu ya ce, "Na'am, Baba." Ba wanda ya yi dariya. Manaja ma ya shagala da gyaran agogonsa.

Sito kuwa yana nan a kulle. An ƙara wa mai makulli girma, wanda zai gaje shi kuma an tura shi kwas ya koyo yadda ake buɗe ƙofa. Ni dai ruwa ya sauka, na shuka gero. In kun gamu da ni a kasuwar Zango, ku ce mini ranka ya daɗe. Ban je ko'ina ba, zan amsa.